Daga Kwalta Zuwa Fetur: Katalis da Wahalar Sarrafa Guggubin Ɗanyen Mai

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu facin titi ya ga yadda suke hura wuta a ƙarƙashin durom ɗin kwalta tun da sassafe, domin abin da ke ciki ba ya zubuwa sai ya sha zafi sosai. Idan ya huce yakan daskare ya yi sheƙi, da sanyin hunturu ma har yakan tsage idan aka sa masa guduma. Wannan baƙin abu da fetur daga rijiya ɗaya aka haƙo su, kuma a tukunya ɗaya aka dafa su. Bambancinsu shi ne fetur ya riga kowa tashi da aka sa wuta, ita kuwa kwalta ta ƙi tashi sam.

A matatar mai, aikin farko shi ne a dafa ɗanyen mai zuwa digiri 350 ko ɗan sama da haka a ma'aunin Selsiyas, a tura shi cikin doguwar hasumiya inda kowane sashe yake rabuwa gwargwadon zafin da yake tafasa. Iskar gas tana fita can ƙoli, ƙasa da ita nafta wadda ake yin fetur da ita, sannan kananzir da man jirgin sama, sannan dizal. Abin da bai tashi ba sai ya taru a gindi. Ba a ƙara masa wuta a wurin, saboda da zarar zafi ya wuce haka man zai fara lalacewa yana barin gawayi a cikin bututu. Sai a kai shi hasumiya ta biyu wadda aka zuƙe mata iska, tunda ruwa ya fi saurin tafasa inda matsin iska ya ragu, a sake tatso wani mai mai kauri. Abin da ya saura bayan wannan, wanda ba zai tafasa ba sai an haura kimanin digiri 540, shi ne guggubin da wannan rubutu yake magana a kansa.

Yawansa ya danganta da irin ɗanyen man. A mai mara nauyi irin na yankin Neja Delta bai cika kaiwa kashi goma cikin ɗari ba, amma a mai nauyi irin na Meziko, ko na yankin kogin Orinoko a Benezuwela, ko wanda ake wankowa daga yashi a lardin Alberta na Kanada, yakan kai sulusin ganga ko ya zarce. A da, masu matata suna da inda za su kai shi. Kaɗan ya tafi shimfiɗa titi, mafi yawa a sirka shi da mai mara kauri a sayar a matsayin baƙin mai ga tashoshin lantarki, da manyan jiragen ruwa, da masana'antu masu tukunyar tururi, kamar yadda masaƙun Kaduna da Kano suka dogara da shi shekara da shekaru. Wannan kasuwa ta daɗe tana tsukewa. Tashoshin lantarki da yawa sun koma iskar gas, sannan daga ranar 1 ga Janairun 2020 hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage yawan farar wuta da aka yarda man jirgin ruwa ya ƙunsa daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5. Matatar da ba ta iya mayar da guggubinta fetur da dizal, tana sayen ganga cikakkiya ne ta sayar da wani babban sashe nata ƙasa da kuɗin da ta saya.

Kafin a gane dabarar, sai an san abin da ke cikin guggubin. Man fetur duk iri ɗaya ne a asali: ƙwayoyin zarra na kabon da haidirojin da suka sarƙu suka zama molekul. A fetur, molekul ɗaya yana da kabon kamar biyar zuwa goma sha biyu, a dizal kuwa daga goma zuwa ashirin da 'yan kai. A guggubi ana maganar gommai masu yawa, kuma ba miƙaƙƙiyar sarƙa ba ce, zobba ne da suka manne da juna kamar saƙar zuma, da rassa ta ko'ina. Mafi taurin kai a cikinsu su ne waɗanda ake kira asfaltin, masu son curewa wuri ɗaya. A jikinsu ne farar wuta da naitirojin suka fi taruwa, haka ma ƙarafa biyu da za su yi ta dawowa a wannan bayani, wato nikel da banadiyam. Wani ɓangare na waɗannan ƙarafa yana zaune ne a tsakiyar wani zobe mai kama da wanda ke riƙe da ƙarfe a jinin ɗan Adam, gado daga halittun da suka ruɓe suka zama mai miliyoyin shekaru da suka shuɗe.

Akwai wani lissafi da ba a tsallake shi. A dizal, kowace ƙwayar kabon tana da kusan haidirojin biyu, a guggubi kuwa wajen ɗaya da rabi ne. Ke nan ko an farfasa manyan molekul ɗin, haidirojin da ke cikinsu ba zai ishi dukkan gutsattsarin su zama man kirki ba. Hanya biyu ce ta rage: ko a cire rarar kabon a yar, ko a kawo haidirojin daga waje a ƙara. Duk wata na'urar sarrafa guggubi da ke duniya tana bin ɗaya daga cikin biyun nan, ko ta haɗa su.

Zafi kaɗai yana iya fasa molekul, kuma da shi aka fara. Injiniyan Rasha Vladimir Shukhov ya yi rajistar wannan dabara a 1891, William Burton kuma ya samu tasa rajistar a Amurka a 1913. Jikar wannan hanya tana nan har yau, inda ake gasa guggubi a wajen digiri 500 cikin manyan duramai har sai mai ya tashi ya bar tulin gawayi, wanda ake yankewa da ruwa mai tsananin matsi. Hanya ce mai jure kowace irin ƙazanta, shi ya sa matatu da dama suke riƙe da ita. Sai dai wuta ba ta zaɓe. Takan mayar da wani kaso mai tsoka na guggubin gawayi mai arha, man da ta fitar kuma sai an sake wanke shi kafin ya shiga tankin mota.

A nan katalis yake shigowa. Masanin sinadarai na Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa lamarin suna a tsakiyar shekarun 1830, yana nufin abin da kan gaggauta sauyi tsakanin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mutum zai iya tuna kanwa a tukunyar wake, amma misalin bai cika ba, domin kanwa takan narke ta bi waken. Dillali ya fi kusa: ya haɗa ciniki, ya sauƙaƙa abin da ya yi tsauri, ya karkata shi inda ake so, sannan ya koma ya jira na gaba. A littafi haka abin yake. A cikin matata kuwa katalis yana mutuwa, kuma babu abin da ya kai guggubi saurin kashe shi. A ganina wannan ita ce zuciyar maganar baki ɗaya. Fasa molekul ba shi ne mai wuya ba, raya katalis a cikin wannan dagwalo shi ne aikin, kuma siffar kowace na'ura amsa ce ga irin mutuwar da katalis ɗinta yake yi.

Eugene Houdry, injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka, shi ya fara cin karo da wannan a babban mataki. Ya gano cewa yumɓun da aka wanke da asid yana fasa mai ya ba da fetur mafi inganci fiye da na zafi kaɗai, kuma babbar na'urarsa ta fara aiki a Marcus Hook da ke jihar Pensilbeniya a 1937. Amma cikin 'yan mintoci gawayi yakan lulluɓe yumɓun, dole a tsayar da mai, a hura iska a ƙone gawayin, sannan a ci gaba. Maganin wannan tsaye-tsaye ya zo ne daga lura da cewa gari mai laushi, idan aka hura masa iska ko tururi daga ƙasa, yakan gudana tamkar ruwa. Tunda haka ne, ana iya kwararar da katalis ɗin daga inda yake aiki zuwa inda ake ƙone masa gawayi, ya dawo, ba tare da an tsaya ba. Na'urar farko ta wannan tsari, wanda injiniyoyi ke taƙaitawa da FCC, ta fara aiki a Baton Rouge ta jihar Luwiziyana a watan Mayun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake neman man jiragen yaƙi ruwa a jallo.

Sauyi na gaba ya zo a farkon shekarun 1960, lokacin da Charles Plank da Edward Rosinski na kamfanin Mobil suka sa ziyolait a cikin katalis ɗin. Sunan ya samo asali tun 1756 daga wani masanin ma'adinai na Suwidin, Axel Cronstedt, wanda ya ga wani dutse yana fitar da tururi idan aka gasa shi, ya kira shi dutse mai tafasa. Irin da matatu ke amfani da shi, ziyolait Y, haɗa shi ake yi a masana'anta daga silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, da alumina, wato haɗin ƙarfen aluminiyam da oksijin. Cikinsa ramuka ne jere reras masu girma ɗaya, kowace ƙofa faɗinta bai kai nanomita ɗaya ba, wato kaso ɗaya cikin miliyan na milimita. Saboda yawan ramukan, da za a shimfiɗe bangon cikin giram goma na wannan gari, da ya kusa rufe filin ƙwallo. A jikin wannan bango ne gurabe masu ƙarfin asid suke, su ne ke kama sarƙar mai su tsinka ta.

Idan aka zuba sabon katalis na FCC a tafin hannu, gari ne fari mai ɗan duhu, ya fi yashi laushi, yana zamewa tsakanin yatsu kamar ruwa, domin kowace ƙwaya mulmulalliya ce mai kaurin da bai fi na silin gashi ba. A cikin wannan 'yar ƙwaya akwai ziyolait, da alumina mai manyan ramuka, da farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara, da abin da ke ɗaure su. Garin yakan fito daga murhu da zafin kimanin digiri 700, ya haɗu da man da aka fesa a gindin wani dogon bututu a tsaye, su yi sama tare. Cikin daƙiƙa biyu ko uku an gama: man ya farfashe, garin ya koma baƙi ƙirin. A raba su, tururin man ya wuce hasumiyar tacewa, garin ya koma murhu a ƙone masa gawayi. Zafin wannan ƙuna shi ne kuma yake dafa man da ke shigowa, don haka gawayin da ke kashe katalis shi ne itacen da ke riƙe da wutar na'urar. A babbar matata, tan gommai na gari ne ke yin wannan zagaye a kowane minti, dare da rana, shekaru a jere.

An tsara wannan duka ne domin mai mai kauri amma tsaftatacce, wanda aka tatso daga hasumiya ta biyu. Da aka fara cusa masa guggubi sai matsaloli suka taso ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce girma. Asfaltin ba zai shiga ƙofar ziyolait ba, kamar a ce za a tura buhu ta ramin rariya. Shi ya sa katalis ɗin guggubi yake da alumina mai faffaɗan ramuka wadda ita ma tana da nata ƙarfin asid, domin ta fara sassare manyan molekul zuwa girman da ziyolait zai iya karɓa. Daidaita wannan rabon aiki sana'a ce mai zaman kanta, domin idan aluminar ta cika zafin hannu sai ta yi ta haifar da gawayi da gas maimakon fetur. Ta biyu ita ce zafi. Guggubi yana barin gawayi fiye da abin da na'urar ke buƙata, murhu ya yi zafin da zai rusa ziyolait, musamman da yake akwai tururi a ciki. Daga nan aka ƙirƙiro na'urorin sanyaya katalis da ke mayar da rarar zafin tururi mai amfani, da murhu mai hawa biyu inda ake fara ƙuna a sassauce a kori tururin, kafin a ƙarasa da zafi mai tsanani.

Ƙarafa ne suka fi komai ɓarna, domin gawayi yana ƙonewa amma ƙarfe ba ya zuwa ko'ina, kullum taruwa yake yi. Nikel idan ya zauna a jikin ƙwayar ba ya rusa ta, sai dai ya kafa nasa aikin a kai: yana zare haidirojin daga man, abin da ake tattalinsa, ya mayar da shi iska, ya bar ƙarin gawayi. Tun shekarun 1970 kamfanin Phillips Petroleum ya gano cewa ɗan sinadarin antimoni da aka zuba a cikin man yakan haɗu da nikel ya dushe kaifinsa, daga baya kuma aka samar da wata alumina ta musamman mai kama nikel ta rufe shi. Banadiyam ya fi mugunta. A cikin murhu yakan haɗu da iskar oksijin ya zama wani sinadari da ke narkewa a kimanin digiri 690, wato daidai zafin da murhun yake aiki, idan kuma ya samu tururi sai ya zama asid mai yawo daga ƙwaya zuwa ƙwaya yana rusa ginin ziyolait, rusawar da ba ta gyaruwa. Gishirin da ya kuɓuce wa na'urar wanke ɗanyen mai yana ƙara masa ƙarfi. Maganin da aka samo shi ne a sa masa tarko a cikin garin, wato sinadarai irin su magniziya da wasu ƙarafa da ba kasafai ake samunsu ba, waɗanda banadiyam ya fi son mannewa da su fiye da ziyolait. Baƙin ƙarfe kuma nasa salon daban ne, yakan yi wa bayan ƙwayar wani rufi mai kama da gilashi, ciki lafiya lau amma ƙofa a toshe.

Duk da waɗannan dabaru, babu makawa kullum sai an kwashe wani kaso na tsohon gari an zuba sabo, tan da dama a rana, kuma gwargwadon ƙazantar man gwargwadon yawan abin da za a zuba. Wannan ya ɗaure matatu da kasuwar ma'adinai ta duniya ta hanyar da mai shan mai a gidan mai ba zai taɓa zato ba. Ana sa lantanam, ɗaya daga cikin ƙarafan nan da ba kasafai ake samunsu ba, a cikin ziyolait domin ya jure zafi da tururi, kuma da ƙasar Sin ta tsuke fitar da irin waɗannan ƙarafa a 2010, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, har manyan masu haɗa katalis irin su Grace da BASF da Albemarle suka shiga fito da nau'o'i masu ƙarancin lantanam. Akwai kuma iyakar da FCC ba ya ƙetarewa. Yana iya ɗaukar guggubin da ƙarafansa ba su wuce 'yan gommai na giram a kowane tan ba, alhali guggubin mai nauyi yakan ƙunshi ɗaruruwa, ɗanyen man Boscan na Benezuwela ma banadiyam ɗinsa ya haura giram dubu a tan.

Irin wannan man sai hanya ta biyu, ta ƙara haidirojin. Tushenta a Jamus yake, inda Friedrich Bergius ya nuna a 1913 cewa ana iya mayar da kwal mai ta hanyar dafa shi da haidirojin cikin matsi mai tsanani, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1931 tare da Carl Bosch. Matthias Pier da abokan aikinsa su ne suka gano cewa ƙarafan molibdinam da tangistin da aka haɗa da farar wuta suna aiki a cikin man da ke cike da farar wuta ba tare da sun mutu ba, kuma masana'antar Leuna ta fara aiki da wannan fasaha a 1927. Katalis ɗin da ake amfani da shi yau zuriyar wancan ne. A ido yana kama da taliyar da aka kakkarya gajeru, kaurinsa milimita ɗaya da ɗan wani abu, sau da yawa mai kunnuwa uku ko huɗu idan aka dubi bakinsa. Jikinsa alumina ce, an jiƙa ta da molibdinam tare da kobalt ko nikel. Mai kobalt shuɗi ne yana sabo, mai nikel kuma kore-kore, amma kafin a fara aiki sai an shayar da su farar wuta su koma baƙi, domin a wannan siffa ce suke da rai. Molibdinam yakan jeru falle-falle ƙanana, kobalt ko nikel ya zauna a gefen fallen, kuma a wannan gefe ne ake zare farar wuta da naitirojin daga man a cusa masa haidirojin. Abin lura ne cewa nikel ɗin da yake guba a FCC shi ne mataimaki a nan, domin ƙarfen da ya iya zare haidirojin ya iya mayar da shi, abin da ke yanke hukunci shi ne yawan haidirojin da ke kewaye da shi.

Ana yin wannan aiki ne a zafin da ya kusa ko ya ɗan haura digiri 400, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150 zuwa 200, cikin tukwanen ƙarfe masu bangon da kaurinsa ya kai taƙi guda ko fiye. Gawayi ba ya yawa a nan, saboda haidirojin yana rufe bakin kowane gutsure kafin ya manne da ɗan uwansa. Amma ƙarafa suna nan. A ɗauki misalin na'urar da ke cin ganga 30,000 na guggubi a rana. Ganga lita 159 ce, guggubi kuma nauyinsa kusan ɗaya da na ruwa, ke nan wajen tan 4,800 ne. Idan kowane tan yana ɗauke da giram 300 na nikel da banadiyam, kusan tan ɗaya da rabi na ƙarfe ne zai sauka a cikin ramukan katalis kowace rana, wajen tan 500 a shekara. Idan ramukan ƙanana ne, ƙarfen zai taru a baki ya toshe su tun cikin bai yi aikin komai ba. Saboda haka ake jera katalis hawa-hawa. Na gaba mai manyan ramuka ne, ba shi da ƙarfi sosai, aikinsa shi ne ya shanye ƙarafa ya zama rumbunsu. Na tsakiya yana cire farar wuta. Na ƙarshe mai ƙananan ramuka da ƙarfi sosai shi ke ƙarasa gyara. Duk da haka, kimanin shekara guda irin wannan shimfiɗa take yi kafin a kashe na'ura a kwashe. Matatu da yawa suna amfani da ita ne domin share wa FCC hanya, a rage ƙarafa da farar wuta tukuna, sannan a miƙa masa man da zai iya haɗiya.

Inda ƙarafa suka fi ƙarfin shimfiɗar da ke zaune wuri ɗaya, sai a tayar da ita. A tsarin H-Oil da na LC-Fining, waɗanda tushensu ke komawa shekarun 1960, ana turo mai da haidirojin daga ƙasa da ƙarfin da zai sa ƙwayoyin katalis su yi ta motsi kamar wake a tukunya mai tafasa. Babu toshewa, zafi ya daidaita ko'ina, kuma ana iya zare tsoho a zuba sabo na'ura tana aiki. Da wannan akan mayar da fiye da rabin guggubi, wani lokaci har kashi uku cikin huɗu, zuwa mai mai tafasa. Abin da ke hana a wuce nan yana da ban sha'awa. A cikin ɗanyen mai, wasu molekul masu danƙo ne suke kewaye da asfaltin suna riƙe da shi a narke. Katalis ya fi saurin fasa waɗannan masu riƙon fiye da asfaltin ɗin kansa, don haka idan aka matsa da yawa sai asfaltin ya rasa mai riƙe shi, ya kwanta ya zama laka a cikin bututu da na'urorin musayar zafi.

Mataki na baya-bayan nan shi ne a rabu da ramuka ɗungurungum. Ana narka wani sinadarin molibdinam a cikin man, idan ya shiga tukunya sai ya rikiɗe ya zama ƙananan falle da ido ba ya gani, suna yawo tare da man. Maimakon asfaltin ya nemi ƙofar katalis, katalis ne ke zuwa inda asfaltin yake. Abin da bai fashe ba a zagayen farko a mayar da shi tare da katalis ɗin, a riƙa zubar da ɗan kaɗan domin fitar da ƙarafa. Kamfanin Eni na Italiya ya buɗe babbar na'ura ta wannan tsari mai suna EST a matatarsa ta Sannazzaro a 2013, mai cin ganga 23,000 a rana, kuma irin wannan fasaha tana iya mayar da sama da kashi 90 cikin ɗari na guggubi mai. Na fi ganin makomar mai nauyi a wannan ɓangare, amma bai kamata a ɗauka ya riga ya zama ruwan dare ba. Na'urorin kaɗan ne har yanzu, gina su akwai tsada, tafiyar da su kuma yana son ƙwararrun hannu.

Shi kansa haidirojin ba kyauta ba ne. Mafi yawansa daga iskar gas ake samo shi, a dafa ta da tururi a kan wani katalis na nikel, aikin da ke cin makamashi mai yawa yana kuma fitar da iskar kabon mai ɗumama duniya. Don haka babu hanyar da ta fi kowace a ko'ina. Mai arhar gas da ƙazamin ɗanyen mai zai karkata ga haidirojin, wanda ke da kasuwar gawayi zai gasa, mai tsaftataccen mai kuwa FCC na guggubi ya ishe shi.

Najeriya tana cikin rukuni na ƙarshe. Ɗanyen manta, irin su Bonny Light, mara nauyi ne, farar wutarsa kaɗan ce, guggubinsa ma kaɗan. Wannan ne ya sa matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 aka tsara sashenta na man inji da kwalta a kan ɗanyen man da za a shigo da shi daga waje, domin na gida ba ya ba da isasshiyar kwalta. Matatar Dangote da ke Lekki a Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, ta dogara ne sosai da na'urar FCC ta guggubi wajen samar da fetur, kuma daga wannan na'ura ake samun iskar furofilin da ake yin robar buhuna da ita. Irin wannan na'ura tana son man da ƙarafansa ba su yi yawa ba, don haka zaɓen ɗanyen man da za a saya da zaɓen katalis abu ɗaya ne, ba a raba su. Akwai kuma ɗimbin ƙasa mai kwalta a jihohin Ondo da Ogun da Edo. Duk ranar da aka yi niyyar mayar da ita man mota maimakon shimfiɗa titi kawai, ba irin na'urorin da ke tace man Neja Delta za a buƙata ba, sai irin waɗanda ake amfani da su a Alberta, inda ake haɗa gasawa da tukwanen haidirojin masu tafasa.

Saura katalis ɗin da ya gama aiki. Garin FCC da aka kwashe, idan ƙarafansa ba su yi yawa ba, wata matatar mai ƙazamin mai takan saya ta ƙarasa cin moriyarsa, saura kuma yakan tafi masana'antar siminti. Na haidirojin ya fi haɗari. Yana fitowa ne jiƙe da mai, cike da farar wuta, kuma idan ya sha iska yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta, shi ya sa ake sauke shi ƙarƙashin iskar naitirojin, ma'aikata sanye da na'urar numfashi, a rufe shi ruf a cikin duramai. Ba a binne shi a bola, domin ruwan sama zai wanke ƙarafan zuwa rijiyoyin mutane. Akwai masana'antu na musamman da ke gasa shi su tatso molibdinam da banadiyam da nikel, kuma banadiyam ɗin da ya kashe katalis a matata yakan ƙare a kamfanin mulmula ƙarfe, inda ɗan kaɗan daga cikinsa yake ƙara wa rodin gini ƙarfi.